SUNAYEN DA ƘASA TA RUFE: HAƘƘIN WAƊANDA YAƘI YA CI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, wanda ba Ya mantuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Ranar 15 ga Janairun kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya, domin a irin wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Abuja da manyan biranen jihohi akan ajiye furanni, a busa bigila, a saki tattabaru, duk da sunan wani soja da ba a san sunansa ba. Amma a nan karkararmu ta arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, Kunchi, Bichi, Tsanyawa, Minjibir da Dawakin Tofa, ranar takan wuce kamar kowace rana. Alhali kuwa sojan nan da aka ce ba a san sunansa ba, a irin waɗannan garuruwa aka yanka masa rago aka raɗa masa suna. Uwarsa ta san shi, matarsa ta san shi, maƙwabcinsa na gona ya san shi.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, adana sunayen mutanen garinmu da yaƙi ya ci haƙƙi ne a wuyanmu, kuma aiki ne da yake da tushe a sunnar magabata. Idan mu da muka yi karatun allo da na boko ba mu yi shi ba a yanzu, to nan da 'yan shekaru babu wanda zai rage da za a tambaya.

ƘASAR DA MUKE NOMAWA

Duk wanda ya san yankinmu ya san babu daji a cikinsa. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, ba ka tafiyar minti goma ba ka ji kukan jaki ko sautin turmi ba. Kowace kuka da kowace ɗorawa tana da mai ita. Mai wucewa a mota zai ɗauka cewa ƙasar nan ba ta taɓa sanin komai ba sai gero da dawa da gyaɗa. Tarihi kuwa ya nuna akasin haka.

A arewacin Kano ne aka yi yaƙin Ɗanyaya, inda rundunar Sarkin Kano Alwali ta karye a gaban jama'ar jihadi, kafin daga baya a kashe shi a Burum-Burum. Da Sarki Ibrahim Dabo ya hau mulki a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe shekaru ana gwabzawa a ƙasar Ɗambatta da kewayenta. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Clapperton, a sansanin Fanisau ya sami Sarki Dabo a 1824, ana cikin wannan rigima, kuma sulhun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi shi ne ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta.

Sai kuma Basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, jikokin Dabo ɗaya, wadda ta ƙare da cin Sarki Tukur a Tafashiya. Kalmar basasa kanta daga Larabci muka aro ta, daga yaƙin Basus da aka yi tsakanin Bakar da Taglib a jahiliyya, 'yan'uwan juna, a kan taguwa guda. Jini bai gama bushewa ba sai ga rundunar Damagaram ƙarƙashin Ahmadu Kuran Daga a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu, aka kara a Gezawa da Tattarawa, har suka iso Fanisau. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 Turawa suka ci birnin Kano, a cikin watan ne kuma aka kashe Waziri Ahmadu da jama'arsa a Kwatarkwashi.

Littattafan da suka adana mana waɗannan labarai, irin su Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, Allah Ya saka wa marubutansu da alheri, sun ambaci sarakuna da hakimai da manyan barade. To amma dakarun ƙasa fa? Su wane ne 'yan bakan da aka tara daga ƙauyuka? Wa aka kashe a bakin ganuwa yana kare rumbunsa? Waɗannan sunaye ba su shiga littafi ba. Suna cikin bakin tsofaffi, da cikin sunayen kufai da tsofaffin maƙabartu da garma ke ci kowace damina.

YAƘIN TURAWA, 'YA'YAN TALAKAWA

Da mulki ya koma hannun Turawan Ingila, sai fagen yaƙi ya yi nisa da gida. A yaƙin duniya na farko an kai sojojin Najeriya Kamaru daga 1914 zuwa 1916, suka yi yaƙi a Garwa da dutsen Mora, sannan aka wuce da su Gabashin Afirka, inda aka yi musu mummunar ɓarna a Mahiwa cikin Oktoban 1917. A yaƙi na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, an kai su Habasha da Somaliya, daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Burma, wato Myanmar ta yau, su yaƙi Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan. Da yawa daga cikinsu ko bindiga ba a ba su ba, aikinsu ɗaukar kaya a ka. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar mutane, wasu da son ransu, wasu kuwa babu yadda suka iya.

Abin mamaki, sunayen wuraren da suka mutu sun dawo gida, nasu sunayen ba su dawo ba. Barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, da barikin Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Burma suka samo suna. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da mutanen ƙasar nan. Haka kuma a watan Afrilun 2021, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka da Misira da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Su da suka ɗebi mutanen sun ga abin kunya ne a bar su ba suna. Mu da muka haife su fa?

Bayan 'yancin kai ma ba a huta ba. Barikin Bukavu da ke Kano yana tuna mana da aikin Kwango na farkon shekarun 1960. Yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ya kwashi samarin karkara masu yawa, wasu kogin Kwara ya cinye su a yunƙurin tsallakawa Onitsha cikin Oktoban 1967, wasu wuta ta cinye su a Abagana cikin Maris na 1968. Sai Laberiya daga 1990, sai Saliyo, sai kuma yaƙin Boko Haram tun daga 2009, wanda har yanzu yake mayar da matan ƙauyukanmu zawarawa.

LABARIN GIDANMU

Kada mai karatu ya ce wannan duk zancen tarihi ne da ba ya ƙara hatsi a rumbu. Bari in kawo misali daga gidanmu.

Kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, tana da ƙane da aka ɗauka soja a lokacin yaƙin Hitila. Ta ce ya tafi bayan an girbe gero, dawa tana tsaye, ya bar mace da yaro a goye. Da aka dawo da sojoji a 1946 bai dawo ba, takarda ma ba ta zo ba. Wani abokin tafiyarsa daga wani gari kusa da mu shi ne ya ce ganinsa na ƙarshe da shi zazzaɓi ya kayar da shi, an ɗauke shi an yi baya da shi. Iyakar abin da aka sani ke nan. Kowane watan azumi takan toya ƙosai ta raba wa almajirai, ta kira sunansa. Da na fara iya rubutu takan ce mini, "Kai maigidan, ɗauko alƙalaminka ka rubuta shi, in na mutu babu mai kiransa." Na ce, "To Iya." Na rubuta, kuma takardar tana nan cikin kundina.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a cikin shekarun da ya yi ba ya nan mahaifinsu ya rasu, aka zo rabon gandu. Ɗalibin Risala ya san cewa a shari'a ɗan ɗa ba ya gadon kakansa matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Saboda haka idan sojan nan ya riga mahaifinsa mutuwa, yaron da ya bari ba shi da kaso na farilla, baffanninsa sun katange shi. Idan kuwa mahaifin ne ya riga shi, ko da kwana ɗaya ne, to kasonsa ya tabbata, ya kuma gangaro kan ɗansa da matarsa. Da babu wanda ya san ranar, sai masu ƙarfi suka zaɓi zaton da ya fi yi musu daɗi. Yaron ya tashi ba shi da ko gayauna a ƙasar kakanninsa, ya ƙare rayuwarsa yana dako a birni. A ƙasa irin tamu da ake shari'a a kan kunya biyu, ranar mutuwar mutum ɗaya tana iya zama gonar zuri'a guda.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Sayyidina Umar (RA) ya yanke wa matar wanda ya ɓace shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Risala ta ƙara da cewa ba a raba dukiyarsa sai an kai lokacin da irinsa ba ya rayuwa, abin da malaman mazhaba suka ƙaddara da shekara 70 ko sama da haka. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya bambance wanda ya ɓace a yaƙi tsakanin Musulmi da wanda ya ɓace a yaƙi da waɗanda ba Musulmi ba, kowanne da hukuncinsa. Duk waɗannan hukunce-hukunce kuwa an gina su a kan bincike da shaida. Shari'a da kanta tana neman a san wa ya tafi, yaushe, ina, wa ya gan shi.

Kuma mu tuna, Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa ayar gado ta Suratun Nisa'i ta sauka ne bayan matar Sa'adu ɗan Rabi'u (RA), wanda aka kashe a Uhudu, ta kawo ƙarar cewa baffan 'ya'yanta mata biyu ya kwashe dukiyar. Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu sumuni. Ashe kukan marayun yaƙi shi ne sanadin ɗaya daga cikin manyan ayoyin hukunci a Alƙur'ani.

SHIN WANNAN BA KOYI DA NASARA BA NE?

Na san wani ɗan'uwa zai ce tunawa da matattun yaƙi al'adar Turawa ce, kuma ƙofa ce ta girmama kaburbura. Tsoronsa yana kan hanya. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) hanin yin gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa, kuma shirkar mutanen Annabi Nuhu (AS) daga sassaƙa surorin salihan bayi ta faro. Ba na kiran kowa ya kafa gunki a dandali, ko ya sunkuya wa dutse, ko ya ƙirƙiri wata ranar ibada.

Sai dai a raba tsakanin gina kabari da adana suna. Duk wanda ya buɗe Sirar Ibnu Hisham zai tarar da shahidan Badar su 14 an jera su ɗaya bayan ɗaya, Muhajirai 6, Ansaru 8, haka nan shahidan Uhudu kimanin 70, kowa da sunan ubansa da gidan da ya fito. Imam Bukhari ya ware babi guda a Sahihinsa don sunayen mutanen Badar. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ɗora dutse a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un domin ya riƙa gane shi. Shekara takwas bayan Uhudu, daf da wafatinsa, ya koma ya yi musu addu'a kamar mai bankwana. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi na Gwandu ya yi wa abokansa da aka kashe a Tsuntsuwa da Alwasa marsiyya yana kiran sunayensu, ya adana ta cikin Tazyinul Waraƙat. Al'ummar da ta ƙirƙiri ilimin isnadi, ta rubuta tarihin dubban masu ruwaya, ba ta buƙatar aron wannan ɗabi'a daga kowa.

BA MU NE MASU RABA SHAHADA BA

Wani kuma zai ce, yaya za a haɗa wanda ya mutu a Kwatarkwashi yana kare ƙasar Musulunci da wanda ya mutu a Burma cikin kakin Sarkin Ingila? Yaya za a yi da Tukurawa da Yusufawa da suka kashe juna, kowa yana kabbara?

Amsa ita ce, rubuta suna ba hukunci ba ne. Bukhari ya ƙulla babi a kan cewa ba a yanke wa wani mutum shahada kai tsaye, domin Allah ne Ya san wanda ya yi yaƙi don ɗaukaka kalmarSa da wanda ya yi don ganima ko suna. Idan ba mu da ikon shigar da wani Aljanna, ba mu da ikon jefa wani wuta. Mutumin da dagaci ya nuna da yatsa aka sa shi a mota, ko wanda yunwa da haraji suka kora bariki, Musulmi ne da ya mutu a baƙuwar ƙasa, wataƙila ba wanka ba salla. Shi ya fi kowa buƙatar addu'a. Nana A'isha (RA) ta ruwaito hanin zagin matattu, saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, aya ta 10 a Suratul Hashri kuma ta koya mana nema wa waɗanda suka riga mu imani gafara, da roƙon kada a bar ƙulli a zukatanmu.

Wannan kuwa ba ya nufin a shafa wa tarihi mai. Kundin da zai amfani na baya shi ne wanda ya faɗi gaskiya: cewa a Basasa Musulmi ne suka ƙona garuruwan Musulmi suka kama 'ya'yansu bayi a kan sarauta, cewa an kashe 'yan ƙabilar Ibo a Kano a 1966, an kuma kashe fararen hula a Asaba a 1967, su ma suna da iyaye da suka yi kuka. Yaron da ya san cewa kakan kakansa da na abokinsa sun fuskanci juna da mashi, kuma babu abin da gidajen biyu suka samu sai marayu, zai yi wuya ɗan siyasa ya ba shi gora ya ce ya je ya fasa kan maƙwabcinsa. Wanda bai san ɗacin yaƙi ba shi ke yi masa kirari.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Aikin ba ya buƙatar kwangila. Ga shawarwarina:

Na farko, kowa ya fara da gidansu. Ka je wurin mafi tsufa, musamman mata, domin su ne taskar nasaba. Ka tafi da goro, ka durƙusa ka gaishe su, kada ka yi musu tambayar ɗan sanda. Ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya. Waɗanda suka je Burma kusan duk sun tafi, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuwa mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara 70.

Na biyu, ka rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba da na uwa, da unguwa, da yaƙin da ya je, da waɗanda ya bari. Idan ba a san shekara ba, a ɗaure ta da abin da aka sani: zamanin wane Sarki, wane hakimi, shekarar fara ko ta yunwa.

Na uku, ka yi aiki da ladabin malaman hadisi. Ka rubuta wanda ya faɗa maka, da wanda shi ya ji daga gare shi. Ka bambance abin da aka gani da abin da aka ji. Inda ruwaya biyu suka saɓa, ka kawo su duka, kada ka zaɓi wadda ta fi ɗaga gidanku.

Na huɗu, ka gwada ruwayar baka da takarda. Ka duba tsofaffin akwatunan ƙarfe, akan sami lambar girma ko takardar sallama mai ɗauke da lambar soja. Hukumar kaburburan da na ambata tana da rumbun sunaye a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta. Sai dai ka sani, Turawa kan rubuta soja da sunansa da na garinsa, wane Ɗambatta, wane Bichi, wane Kano, da irin rubutun da kunnensu ya ji, saboda haka sai ka gwada rubutu daban-daban. Akwai kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Na biyar, malaman Islamiyya su mayar da wannan aikin hutu ga ɗalibai, a tara abin da aka samu a kundi ɗaya, a ajiye kwafi wurin liman da wurin dagaci.

Na shida, kuma shi ne mafi nauyi, idan bincike ya tono haƙƙi, a mayar da shi. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Idan mamacin ya bar bashi, zuri'arsa su biya masa. Idan an ci gonar marayunsa, a zauna da malamai da dattawa a warware cikin sulhu tun ana numfashi. Idan kuma akwai bazawarar soja ko ta ɗan sanda ko ta ɗan sa-kai a unguwarku yau, kada ku jira jikokinku su rubuta labarin yadda kuka bar ta.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa, kana iya jero 'yan wasan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya ba ka numfasa ba. Gwada jero kakanninka biyar, ka faɗi inda aka binne kowannensu. Tirmizi ya ruwaito umarni da mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, zumunci kuwa ba ya yankewa a bakin kabari. Addu'ar jimla ga dukkan Musulmi tana da falala, amma wanda ka san sunansa shi za ka yi wa sadaka, ka biya masa bashi, ka nemi jikokinsa ka gaishe su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a gonakinmu ba mu sani ba, da waɗanda suka kwanta a dazuzzukan da ba za mu taɓa zuwa ba. Allah Ya gafarta wa mai gaskiyarsu da mai kuskurensu, Ya raya marayunsu, Ya kashe wutar fitina a ƙasarmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.